Honda Fit: Ƙaramar Motar da Tankinta Ke Ƙarƙashin Direba

Duk wanda ya buɗe ƙofar baya ta Honda Fit, wadda ake kira Jazz a Turai, yakan tarar da cikinta ya zarce abin da ido ya kiyasta daga waje. Dalili kuwa yana ƙarƙashin kujerun gaba, inda kamfanin ya ajiye tankin mai tun fitowar motar a Japan a watan Yunin 2001, maimakon ƙarƙashin kujerar baya kamar yadda aka saba. Wannan dabara ta bar bayan motar fayau, ta yadda mutum zai ɗaga mazaunin kujera da hannu ɗaya ya jingine shi, ya tsayar da doguwar tukunyar fure a ƙasa, ko kuma ya kwantar da kujerun su yi daidai da but ya tura babban kwali ba tare da ya gogi rufi ba. A ganina, a kan wannan fili ya kamata a auna kowane zubi na motar.

Zubin farko ya samu karɓuwar da ba a zata ba, domin a 2002 ya zama motar da aka fi saya a Japan, ya sauke Toyota Corolla daga matsayin da ta shekara 33 tana riƙe da shi. Injinsa mai lita 1.3 yana da filogi biyu a kowace silinda, takwas ke nan, kuma ina jan hankalin mai saye a nan, saboda huɗun da ke baya sukan ɓace wa bakaniken da bai san injin ba. Giyarta ta CVT, wato giya mai sarrafa kanta wadda ba ta da matakai, takan yi karkarwa wajen tashi idan an yi sakaci da canjin mai, sannan jikinta yana da tauri a kan gargada.

Zubi na biyu, na 2007, shi ne wanda na fi amincewa da shi. An ɗan ƙara masa tsawo da ƙarfin inji, tafiyarsa ta yi laushi, kujerun nan kuma suna nan yadda aka san su. Sai dai wajibi ne mai sayen tsohuwa ya tabbatar an canza mata jakar iska ta kamfanin Takata, wadda matsalarta ta sa aka kira miliyoyin motoci gyara a duniya.

A 2013 aka fito da na uku mai kaifin fuska da yalwar wurin miƙe ƙafa, amma samfurinsa mai haɗa fetur da lantarki ya zo da giya mai kuloci biyu wadda ta sa kamfanin ya yi ta kiran motocin gyara a shekararsu ta farko, shi ya sa na fi natsuwa da mai fetur zalla.

Na huɗu ya shiga kasuwa a 2020, ba a kuma kai shi Amurka ba. An sirantar da ginshiƙan gilashin gaba har direba yana ganin kwana sarai, injinan lantarki biyu na samfurinsa mai haɗa fetur da lantarki kuma sun rage shan mai a cikin gari. Har yanzu injin yana ɗaga murya a hawan tudu idan motar ta cika, kuma ƙarar taya tana shigowa a doguwar tafiya. Tankin dai yana nan ƙarƙashin direba.