Certbot ko Cloudflare, wanne zan sa wa shafin oga?

Ɗan'uwanmu na Agege ya yi tambaya jiya, ya ce shafin da ya haɗa wa ogansa mai sayar da shadda da atamfa yana nuna Not secure a Chrome, kwastomomi na ganin haka suna gudu, wai Certbot zai sa ko Cloudflare tunda ance duka kyauta ne.

Malam da farko dai kar ka yarda wani ya caje ka kuɗin satifiket, wato shaidar tsaro da ke mayar da shafi HTTPS, a kan ƙaramin shafi irin wannan. Tun 2015 wata hukumar ba da satifiket mai suna Let's Encrypt suke raba shi kyauta, kuma wancan gargaɗin tun Yulin 2018 Chrome ya fara manna wa duk shafin da ba shi da HTTPS, ba wai an yi maka kutse ba ne.

Certbot manhaja ce ta ƙungiyar EFF da ake sa wa a kan sabar kanta, ta karɓo maka satifiket daga Let's Encrypt. In VPS gare ka, wato sabar haya da kake sarrafawa da kanka, mai Ubuntu da Nginx, ka tabbata domain ɗin ya riga ya nuna IP ɗin sabar, sai ka buga sudo certbot --nginx, zai ajiye wani ɗan fayil, Let's Encrypt su leƙo ta port 80, ƙofar da ake shiga shafi ta http, su gan shi su gamsu cewa shafin naka ne, shikenan Not secure ya ɓace. Daga wayar kwastoma har cikin sabarka komai a rufe yake, ba kowa a tsakani. Inda mutane ke faɗuwa shi ne kwana 90 kawai satifiket ɗin yake yi. Yana sabunta kansa, amma dan Allah ka gwada certbot renew --dry-run tun ranar farko, domin tun Yunin 2025 Let's Encrypt sun daina turo imel ɗin tunatarwa, in abin ya tsaya ba wanda zai gaya maka sai oga ya kira ka yana faɗa.

Shi kuwa Cloudflare ba ka taɓa sabar ma, nameserver, wato mai nuna wa mutane hanyar domain ɗinka, kawai za ka mayar wurinsu, duk mai shiga shafin ta hannunsu zai bi. Suna da cibiya a nan Legas, hotunan kaya sukan buɗe da sauri, kuma suna ɓoye IP ɗinka. Amma wallahi abin da ke damuna da shi shi ne zaɓin nan Flexible da yara ke dannawa saboda sauƙi. Not secure zai ɓace a burauza kowa ya yi murna, alhali daga Cloudflare zuwa sabarka bayanan a fili suke tafiya, fasuwod da lambar waya da adireshin mutane, kamar ka garƙame ƙofar shago ta gaba ka bar ta baya a hangame. Mutumin da ya amince ya rubuta adireshin gidansa bai cancanci haka ba. Full (strict) za ka zaɓa, shi kuma dole sai akwai satifiket na gaske a sabar, ko na Let's Encrypt ko na Cloudflare da suke kira Origin da zai iya kai shekara 15.

In kuma sabar kwamfuta ce da ke shago a kan intanet na layin waya, galibi port 80 ba ya shigowa daga waje, hanyar farko ta Certbot ba za ta yi ba, sai dai tantancewa ta DNS ko Cloudflare Tunnel. Mai hostin na cPanel kuma ya duba AutoSSL, mai sa satifiket da kansa, tukuna, wataƙila ma a kunne yake.

Ni a wurinka duka biyun zan haɗa. Ka fara karɓo satifiket da Certbot alamar gajimaren da ke saitin DNS na Cloudflare tana toka-toka, wato a kashe, in ka ga https ya buɗe lafiya sai ka kunna ta ta koma ruwan lemo ka sa Full (strict). Kuma in kana gwaji ka ƙara --staging a umarnin Certbot don karɓar satifiket na gwaji, domin satifiket iri ɗaya sau biyar kawai ake ba ka a mako.