Desmos a ajin lissafi: yadda na same ta

Ni malamin lissafi ne, kuma tambayar da ɗalibaina suka fi tuntuɓe a kanta ita ce: idan an ba su ɗigo (wato lambar x da lambar y) da lissafi guda biyu, shin ɗigon ya warware duka biyun? Saboda ita na fara amfani da Desmos, manhajar zana layukan lissafi. Kyauta ce, tana aiki a waya da kwamfuta.

Na rubuta x + y = 5, a ƙasansa 2x − y = 1. Nan take layuka biyu suka fito, kowanne da launinsa, na taɓa mahaɗarsu ta nuna (2, 3), wato x = 2, y = 3. Sai na saka (1, 4). Ɗigon ya zauna daram a kan layin farko, amma ya kauce wa na biyu, don 2 − 4 yana ba da −2, ba 1 ba. Abin da nake ta fama in cusa wa yara ke nan, cewa dole ɗigo ya dace da duka biyun. Gani ya kori ji.

Wani abin da ya burge ni, yadda lissafin yake a littafi haka za ka rubuta shi, ba sai ka ware y gefe guda ba.

Sai dai a kula, (2, 3.01) a ido kamar yana kan mahaɗar, sai an zuƙo hoton sosai ake gane ya goce. Shi ya sa har yanzu nake sa su ɗauki biro su saka lambobin da hannu: 2 + 3.01 ai 5.01 ne. Kuma zane take yi, ba ta jero matakan warwarewa, wannan aikin na ɗalibi ne.