Saitin RAM Ko Saitin Faifai: Wanne Ya Kamata A Fara Taɓawa?

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwa a wannan zaure namu, mai shagon buga takardu da zane a Samaru, ya kawo tambaya game da kwamfutarsa ta kan tebur. Ya ce furosesanta Ryzen 5 3600 ne a kan madabod B450, wato babban allon da sauran kayan suke haɗe a kansa, da sandar RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take aiki a cikinta, guda biyu masu giga 8 kowacce, ɗaya ta zo da kwamfutar, ɗaya kuma ya saya daga baya, sai faifan SSD da Windows take ciki da wani tsohon faifai mai juyawa da yake ajiye ayyukan kwastomomi. Tun da ya ƙara sanda ta biyu kwamfutar take sandarewa a tsakiyar aiki, wani lokaci allon ya koma shuɗi, wani lokaci kuma ta mutu ta sake tashi ba tare da wani saƙo ba. Mai gyara na farko ya ce masa a sauke gudun RAM a cikin BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta tashi, na biyu kuma ya ce a sauya saitin faifai daga AHCI zuwa RAID, shi ne yake tambaya wanne zai bi.

Malam, ka fara da RAM, kuma kada ka taɓa AHCI ɗin nan ko kusa. Kafin duka biyun, ka kwashe ayyukan mutane zuwa wani faifai na waje, domin a lokacin rajista da kare kundin digiri babu uzurin da ɗalibi zai karɓa idan babi biyar na aikinsa suka salwanta a hannunka. Dalilin da ya sa na fifita ɗaya a kan ɗaya shi ne saitunan biyu ba irin cuta ɗaya suke haifarwa ba, kuma haɗarin taɓa su ma ba ɗaya ba ne.

Matsalar RAM ba ta da tsayayyen lokaci, ba ta kuma da tsayayyen suna. Yau shuɗin allon zai rubuta MEMORY_MANAGEMENT, gobe IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, jibi PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA, manhajar zane ta rufe kanta ba sallama, fayil ɗin da ka matse ya ƙi buɗuwa alhali jiya ya buɗe. Wannan sauye-sauyen suna shi kansa shaida ne, domin duk abin da ya faɗa cikin gurɓataccen wurin shi ne zai rushe, kuma ba kullum abu ɗaya yake faɗawa ba. Matsalar faifai tana da wata kama dabam. Kwamfutar za ta tsaya amma kibiyar linzami tana ci gaba da motsi, fitilar faifai da ke gaban akwatin ta kama ta ƙi ƙiftawa, bayan daƙiƙu masu yawa komai ya dawo kamar ba a yi ba. Idan allon ya yi shuɗi, sau da yawa KERNEL_DATA_INPAGE_ERROR ko CRITICAL_PROCESS_DIED za ka gani, kuma idan ta sake tashi BIOS yana iya cewa bai ga faifan ba sam, sai an kashe ta gaba ɗaya an kunna. Saboda haka duk lokacin da allon ya yi shuɗi ka ɗauki hotonsa da waya, ka tara guda huɗu ko biyar, za su faɗa maka fiye da abin da mai gyara zai gano da kallon ido.

Bari in daɗe kaɗan a kan RAM, domin a nan zargina ya fi ƙarfi. Sandar RAM irin DDR4, wadda madabod ɗinka yake ɗauka, sau da yawa tana ɗauke da gudu iri biyu a rubuce a cikinta. Akwai na asali wanda ƙungiyar JEDEC ta tsara, galibi 2133 ko 2400 ko 2666, a kan bolt 1.2, wanda kowane madabod yake iya tashi da shi. Akwai kuma wanda aka buga a jikin kwali domin talla, kamar 3200 ko 3600, yawanci a kan bolt 1.35, wanda ba ya aiki sai an kunna wani saiti mai suna XMP a cikin BIOS. A madabod na ASUS masu furosesan AMD sunansa DOCP, a na MSI kuma A-XMP, amma abu ɗaya ne. Kamfanin da ya ƙera sandar ya gwada wannan gudun ne a kan sandunan da ya sayar tare a kwali ɗaya. Da ka kawo wata daga wani kamfani, ko ma daga kamfani ɗaya amma ba zubi ɗaya ba, madabod zai karanta bayanin XMP na ɗaya ya ɗora wa duka biyun, ita kuwa ɗayar ba lallai ta iya ɗauka ba. Za ta tashi, Windows za ta buɗe, ka yi zaton komai lafiya, sai an buɗe babban zane ko zafin rana ya cika shagon sannan ta fara kuskure. Shi Ryzen 5 3600 gudun da AMD ta amince masa da sanda biyu shi ne 3200, idan aka cike gurabe huɗu kuma adadin yana sauka ƙasa da haka, don haka duk wanda ya sa gudun RAM a 3600 ya riga ya wuce iyakar da aka yi masa alkawari.

Gyaran ba ya cin ko kwabo. Ka danna Del ko F2 lokacin da kwamfutar take tashi, ka ɗauki hoton kowane shafi na BIOS kafin ka sauya komai, sannan ka kashe XMP ka adana. Idan kwamfutar ta yi kwana uku tana aiki ba ta sandare ba, ka kama ɓarawon. Daga nan kana iya mayar da XMP amma ka sauke gudun da hannu zuwa 2933 ko 2666, ka ga inda za ta tsaya da ƙafarta. A aikin buga takardu da zane na yau da kullum da ƙyar za ka ji bambanci tsakanin 2666 da 3200, amma za ka ji bambancin aikin da ya ɓace sau uku a yini. Ban ba ka shawarar ƙara bolt da hannu ba, wannan aikin masu lokaci ne da kuɗin sayen wata.

Ka duba kuma gurbin da sandunan suke. A yawancin madabod masu gurabe huɗu, sanda biyu suna zama ne a gurbi na biyu da na huɗu idan ka ƙirgo daga wajen furosesa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2. Na sha buɗe akwati in tarar da su a manne da juna a na farko da na biyu, saboda nan ne hannun wanda ya saka ya fara kaiwa. Sai kuma ƙurar hunturu, wadda duk mai kwamfuta a Zariya ya san ta: tana shiga gurbin ta kwanta a kan haƙoran tagulla. Ka zare wayar wuta, ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci domin sauran wutar ta fita, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka saboda a busasshiyar iskar hunturu jiki yana tara lantarkin da zai iya kashe sanda, sannan ka cire su, ka hure gurbin, ka mayar har sai makaman gefe sun yi ƙas.

Gwajin da zai raba gardama shi ne MemTest86, wanda ake sakawa a filash a tayar da kwamfutar da shi ba tare da Windows ba. Zagaye huɗu yake yi, kuma a giga 16 yana cin sa'o'i da dama, don haka ka zaɓi lokacin da kake da tabbacin wuta ko kana kan inbata. Kuskure ɗaya tak ya isa hukunci. Idan ya fito, ka gwada kowace sanda ita kaɗai a gurbin A2. Wadda ta faɗi ita kaɗai a gudun asali ta lalace, sai a mayar wa wanda ya sayar da ita. Idan kowacce ta wuce ita kaɗai amma suka faɗi tare, lafiyarsu ƙalau, jituwa ce ba su yi ba.

Shi kuwa saitin faifai labarinsa dabam ne. AHCI da RAID hanyoyi ne da madabod yake gabatar da faifan SATA, wato wanda ake haɗawa da madabod ta wayar SATA, ga Windows, a tsofaffin madabod kuma akwai na uku mai suna IDE wanda ba za ka same shi a irin naka ba. Lokacin da aka saka Windows, tana shirya direban hanyar da ta tarar ne, wato ƙaramar manhajar da take magana da faifan, domin tashi da shi. Idan aka sauya hanyar daga baya, ba sandarewa za ta riƙa yi jefi-jefi ba, ƙin tashi za ta yi gaba ɗaya, ta rubuta INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Wato wannan saitin ko dai ya yi daidai ko bai yi ba, babu tsaka-tsaki irin na RAM. Tunda kwamfutarka tana tashi tana aiki na sa'o'i kafin ta tsaya, AHCI ɗinka yana daidai. RAID an yi shi ne domin haɗa faifai biyu ko fiye su zama ɗaya, kai kuma ba abin da kake so ke nan ba. Bin shawarar mai gyara na biyu zai ƙara maka sabuwar matsala ne a kan tsohuwa.

Na taɓa ganin wannan da idona a wani shagon rajistar jarrabawa a Sabon Gari. Kwamfuta ce irin ta ofis da ake shigowa da su na hannu, kullum da safe sai ta ƙi tashi da wancan saƙon, an sake saka mata Windows sau biyu, har an yanke cewa faifan ne ya mutu. Da na shiga BIOS sai na ga agogon ya koma shekarun baya. Ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo, CR2032 mai bolt 3, shi ne ya ƙare, kuma da yake ana kashe soket da dare, saitin yana komawa na kamfani, wanda a wannan samfurin RAID ne, alhali a kan AHCI aka saka Windows. Da aka sauya batirin aka mayar da saitin, magana ta ƙare. Wannan ne ya sa na ce ka ɗauki hoton BIOS tun farko, domin umarnin mayar da komai zuwa na kamfani yana kashe XMP, amma yana iya taɓa saitin faifai shi ma.

Wannan ba ya nufin faifai ya kuɓuta daga zargi, sai dai abin dubawa a wajensa lafiyarsa ce da wayarsa. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana karanta bayanan da faifan yake rubutawa game da kansa a cikin minti ɗaya. A tsohon faifanka mai juyawa ka duba layi 05, wanda yake ƙirga sassan da suka lalace aka maye gurbinsu, da layi C5, na sassan da suka ƙi karantuwa suna jiran hukunci. Idan ɗanyen adadinsu, wanda yake ƙarƙashin Raw Values, ya wuce sifili kuma yana ƙaruwa, faifan yana kan hanyarsa ta mutuwa. Layi C7 kuwa ba faifan yake zargi ba, kurakuran da suka faru a hanya tsakanin faifai da madabod yake ƙirgawa, kuma kusan kullum wayar SATA ce ta saki ko aka lanƙwasa ta da ƙarfi a bayan murfi. Adadin C7 ba ya komawa sifili bayan an sauya waya, abin lura shi ne ya daina hawa. A cikin Event Viewer ma, inda Windows take rubuta rahoton abubuwan da suka faru, lamba 129 da 153 suna nuna faifai ya yi jinkirin amsawa har aka sake tura masa umarni, lamba 7 kuma tana nuna lalataccen sashe. Hanya mafi sauƙi a wajenka ita ce ka zare wayar tsohon faifan ka yi yini biyu da SSD kaɗai, domin faifai mai ciwo yana iya tsayar da Windows ko da ba a cikinsa take ba.

Akwai inda cutukan biyu suke shiga rigar juna, kuma shi ne babban dalilin da ya sa jerin gwajin yake da muhimmanci. Duk abin da za a rubuta a faifai sai ya bi ta RAM tukuna. Idan RAM tana kuskure, za ta miƙa wa lafiyayyen faifai gurɓataccen bayani, shi kuma ya adana shi da amana, daga baya ka ga fayilolin Windows sun lalace ka ɗora laifin a kan SSD. Wanda ya sake saka Windows a wannan hali ya gina sabon ɗaki ne da rubabben bulo. Ta ɗaya ɓangaren, Windows tana aron wani yanki na faifai ta mayar da shi ƙarin RAM idan aiki ya yi yawa, saboda haka faifai mai ciwo shi ma yana iya jawo saƙon da ya yi kama da na RAM. MemTest86 ne yake warware wannan, tunda ba ya bi ta faifai ko kaɗan.

Saura mutuwar da ka ce tana yi ba tare da shuɗin allo ba. Wannan ta fi kama da matsalar wuta fiye da duka saitunan biyu. A Event Viewer za ka ga Kernel-Power 41, wanda ba ya faɗin dalili, yana shaida ne kawai cewa kwamfutar ta mutu ba a rufe ta ba. Ka lura ko tana faruwa ne lokacin da ake sauyawa zuwa janareta, ko lokacin da injin fotokwafi ya ja wuta. Idan haka ne, ka raba musu layi, ka sa kwamfutar a kan UPS, idan kuma ta ci gaba bayan RAM ta ci gwaji, sai a ari wani akwatin wuta na kwamfuta a gwada da shi.

Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a lokaci guda, ka rubuta ranar a takarda. Yau ka kwashe fayiloli, ka kashe XMP, ka tabbatar sandunan suna A2 da B2, da dare ka bar MemTest86 yana aiki. Gobe ka turo mana hoton sakamakon, da hoton rubutun da ke jikin sandunan biyu, da shafin CrystalDiskInfo na kowane faifai, sai mu ga ko akwai buƙatar ka koma wajen wanda ya sayar maka da sanda ta biyu.