Dillalin PZ da ya sauya min hanya daga Abuja zuwa Kano

Wata biyu da gama hidimar ƙasa ina nan a ɗakin da na yi karatu a Samaru, daga ni sai katifa da risho, kwalin digirin tattalin arzikin noma kuma yana ƙarƙashin filo. Alawus ɗin naira 77,000 ya tsaya, kuma kowa ya riga ya zaɓa min gari. Inna ta ce Kaduna, don ta riƙa ganina duk Juma'a. Abokai suka ce kuɗi na Abuja. Ni ma Abujar nake so, ba don komai ba sai don in an tambaye ni in ce can nake.

Wani da muka gama tare ne ya kwatanta min wani dillalin gidaje a unguwar PZ ta Zariya mai yara a Kano da Kaduna da Abuja, kana Zariya a nemo maka ɗaki a can. Shagon ɗan tsukuku ne: benci ɗaya, fanka mai kuka kamar injin markaɗe, sai wani littafi mai baƙin bango da yake rubuta sunaye. Kuɗin shiga littafin naira 5,000, kuma tun kafin ka zaro yake gaya maka ba a mayarwa.

Na ce, "Baba, ɗaki nake so a Abuja."

Ya dube ni ta saman gilashi. "Aiki aka ba ka?"

Na ce tukuna.

"To ɗana, kai gari kake nema, ɗaki sai daga baya. Zauna."

A nan kuɗina ya fita. Ya yago takarda, ya ja layi biyu, ya rubuta garuruwa uku. Ya ce mai sabon kwali ba a Abuja yake kwana ba, a Mararaba yake kwana, wadda jihar Nasarawa ce, ko Suleja ta jihar Neja, in ya yi ƙarfi Kubwa. Ya sa na lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa na kwana 22 a wata, a farashin da ake ciki tun da aka cire tallafin mai a 2023, sannan ya ce in ɗora awannin da zan ɓata a cunkoson Nyanya. Da na haɗa da haya na ga ko mafi ƙarancin albashi na 70,000 aka ninka min sau biyu, garin kwaki zan riƙa sha. Na yi shiru, shi kuma ya ci gaba da ɓare goronsa.

Kaduna bai daɗe a kanta ba. Kusa ce, kilomita tamanin ko makamancin haka, kuma tun 2016 akwai jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, ka je intabiyu Abuja da safe ka dawo ka kwana. Amma ya ce masaƙun Kakuri da suka riƙe ubanninmu sun rufe tuni, aikin gwamnati kuma sai da wanda zai riƙe maka hannu. "Kana da shi?" Ba ni da shi.

Da ya ji abin da na karanta sai ya ajiye biro. "Ka yi noma kana neman Abuja? Me za ka auna a can?" Ya shiga ba ni labarin Dawanau, kasuwar hatsin da ke kan titin Katsina a Kano, inda ake loda riɗi da zoɓo da citta da waken suya zuwa tashoshin ruwa na Legas, inda masu sito ke neman yaron da ya iya lissafi da kwamfuta kuma ya san hatsi mai danshi daga busasshe. Shekara biyar ina karatun kasuwancin amfanin gona, babu ranar da na taka kasuwar nan. Kunya ta kama ni sosai.

Sai dai kada in yabi ɗan kuturu. Aikin dillancin kansa, wanda shi ne na biya, da gyara. Hotunan da yaronsa na Kano ya turo min ta WhatsApp na wani ɗaki ne mai tayil a Rijiyar Lemo. Na shiga mota daga Kwangila, na isa, aka nuna min wani daban, bangon ya jiƙe har gwiwa, famfon tsakar gida kuwa maƙwabciya ta ce rabonsa da ruwa tun azumi. Yaron ya ce wancan an kama jiya, kuma in ba shi kuɗin kai ni gani. Na kira Baba, wayarsa a kashe har washegari. Da na same shi ya yi wa yaron faɗa ina ji, ya hana shi karɓar ko sisi, amma kuɗin motata da kwanan da na yi a ɗakin wani aboki babu wanda ya biya ni.

A zuwa na biyu aka dace da ɗaki a Kurna, mai rijiya a gida, adaidaita ɗaya zuwa Dawanau. La'ada kashi 10 cikin ɗari na hayar shekara, kuma bai rage ba duk magiyar da na yi. Ya dai ba ni rasidi, ya kuma sa mai gidan ya sa hannu a gaban shaidu biyu.

Wanda ya riga ya san garin da za shi, ya je can ya nemi dillalin unguwa, zai fi masa sauƙi. Wanda yake ruwan ido kamar yadda nake, ya je ya zauna a bencin nan, amma kada ya tura kuɗin haya sai ya shiga ɗakin da ƙafarsa ya murɗa famfo.

Yanzu sati shida ke nan ina rubuta buhunan riɗi a wani sito, albashin bai taka kara ya karya ba. Inna har yau ba ta huce ba, duk wayar da muka yi sai ta tuna min cewa Kaduna ta fi kusa.