Ra'ayina a kan wani ɗakin duba masu rawar jiki a Damagaram

Akwai wani ƙaramin asibitin kuɗi a nan Damagaram da ya ware ɗaki domin masu rawar hannu da nauyin jiki, inda likita da ma'aikacin kine mai motsa gaɓoɓi suke aiki tare. Na san wurin ta hanyar rakiyar kawuna, baduku ne da ya tsufa a kan sana'arsa a cikin Birni, kuma ina ganin aikinsu ya cancanci a yi bayaninsa, domin a garinmu da zarar hannun dattijo ya fara karkarwa sai a ce tsufa ne, ko iska, ko sammu, a yi ta hayaƙi da rubutun sha har shekaru su wuce ba a san sunan ciwon ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda likitan yake duba mutum kafin ya taɓa alƙalami. Ya ce wa kawuna: "Baba, ɗora hannuwanka a kan cinya, ka ƙirga daga ashirin zuwa ɗaya." Yana ƙirgawa sai hannun dama ya kama rawa, babban yatsa yana murza manuniya kamar mai jan carbi, amma da aka miƙa masa kofi ya kai baki sai rawar ta lafa. Daga nan ya sa shi ya yi tafiya zuwa ƙofa ya juyo, ya lura cewa hannun daman ba ya lilo, ya lanƙwasa masa gwiwar hannu ya ji taurinta, sannan ya tambayi matarsa ko jin ƙamshinsa ya ragu, ko cikinsa yana yawan ɗaurewa, ko yana fisge-fisge cikin barci.

Wannan duban shi ne ginshiƙin aikin, domin cutar Parkinson, wadda likitan Ingila James Parkinson ya bayyana a 1817, ana gane ta ne da tarihin mara lafiya da duban jikinsa, hoton kai kuwa yawanci don a kawar da zaton wasu cututtuka ake yin sa. Tushenta shi ne mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dopamin, rawarta takan fara daga ɓari ɗaya, tana fitowa lokacin da hannu yake hutawa, kuma jinkirin motsi yana tare da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 masu ita sun haura miliyan 8.5. Likitan asibitin ya bambanta mana ita da wata rawar da ta fi ta yawa, wadda takan bi dangi, ta kama hannu biyu lokacin da ake aiki da su, wani lokaci har da kai da murya, kuma magani irin su propranolol ake ba mai ita. Ya kuma nemi ganin duk magungunan da kawuna yake sha, saboda salbutamol na masu asma, da metoclopramide na amai, da wasu magungunan taɓin hankali suna iya jawo rawar jiki, haka ma yawan aikin tiroyid, wato wata halitta da ke gaban wuya, da shan shayi mai kauri.

Da aka gano Parkinson ce take damun kawuna, an ɗora shi a kan maganin levodopa, aka fara da kaɗan ana ƙarawa. An gaya mana ƙarara cewa maganin yana rage alamomi ne, ba ya kawar da cutar, cewa nama da madara da wake suna iya rage shigarsa jiki idan aka haɗa su lokaci ɗaya, don haka ya sha kamar rabin awa kafin abinci, kuma kada a kuskura a yanke shi farat ɗaya. Na yaba da wannan gaskiyar ƙwarai, domin wanda aka yi wa alkawarin warkewa shi ne yake jefar da magani bayan wata biyu.

Ɓangaren kine ma yana da amfani a zahiri. Ƙafafun kawuna sukan maƙale a bakin zaure, ya tsaya ya kasa ɗaga su, sai aka koya masa ya riƙa ƙirga ɗaya, biyu da ƙarfi, aka ce mu ja layuka a ƙasa ya riƙa tsallakawa, kuma dabarar ta yi aiki. An nuna masa yadda zai zauna a bakin gado ya ɗan jira kafin ya miƙe saboda jiri. Allura da basilla sun fi ƙarfinsa yanzu, amma yana zama a rumfarsa yana yanka fata yana duba aikin yara, kuma su ma sun ƙarfafa masa gwiwa a kan haka.

Inda suka gaza shi ne magani. Ba su ajiye shi, takarda kawai suke rubutawa, a farmasin gari kuma yau akwai gobe babu, har sai an aika Kano ko Yamai, ga tsada ga wanda zai sha shi tsawon rayuwa. Takardar bayanin da suke bayarwa da Faransanci take, alhali matar da take ba da maganin a gida ba ta karanta shi. Jira yana da tsawo, kujerun kuma ba su da abin dafawa, wanda bai dace da masu wahalar tashi ba. Likitan ba ƙwararren ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ba ne, kuma bai ɓoye ba, yakan tura mai lalura mai sarƙaƙiya Yamai, tafiyar kusan kilomita 900.

Wanda zai kai nasa ya tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya, ya ɗauki bidiyon rawar a waya tun daga gida domin takan ɓuya a gaban likita, kuma a tafi da mutumin da yake kwana ɗaki ɗaya da mara lafiyar, saboda yawancin tambayoyin shi ne zai iya amsa su.