Memori ko manhaja: wanne ya fi wa direban Jos zuwa Abuja?

Malam direba, tambayarka ta iso. Ka ce kana jigilar fasinja tsakanin Jos da Abuja, shekara da shekaru memorinka na maƙale a rediyon mota, in ka gaji da abin da ke ciki sai ka biya ta kasuwar Terminus masu turi, wato masu zuba wa mutane waƙoƙi a memori daga kwamfuta, su ƙara maka sababbi. Yanzu ɗanka ya saya maka babbar waya, ya kuma tasa ka a gaba wai ka bar harkar ƙauye, ka koma jin waƙa ta Audiomack ko Spotify kamar kowa. Kana son sanin wanne ya fi.

Kada ka jefar da memorin nan. Amma yaron ma ba shirme ya faɗa maka ba, don haka bari mu jera su gefe da gefe.

Mu fara da aljihu, tunda nan ne kowa ke jin zafi. Wurin mai turi sau ɗaya kake biya. Ka sayi memori, ka ba shi ɗan abin da kuka daidaita, shi ke nan, ko sau dubu ka ji waƙar ba wanda zai sake ce maka kawo. Waƙa mai minti 5 da aka matse a kan kilobit 128 a sakan (ma'aunin yawan datar da sauti ke ci) ba ta wuce MB 5 ba, wato kusan MB 1 kowane minti. Memori mai GB 16 zai ɗauki irinta wajen 3,000. Kafin ka gama jin su ka canza tayoyi.

Manhaja kuwa data take sha muddin kana ji kai tsaye. A Spotify, matsakaicin sauti yana kan kilobit 96 a sakan, wanda ya kama kusan MB 43 a awa. In ka ɗaga shi zuwa 160 ya zama MB 72, in ka kai shi 320 ya kai MB 144. Mu ɗauka awa 4 kacal kake kunna waƙa a rana, a kan matsakaicin nan: MB 170 ke nan kullum, kusan GB 5 a wata. Waƙar da ka maimaita wayar kan ajiye ta na ɗan lokaci, lissafin ya ɗan ragu, amma ba raguwar da za ta sa ka murmushi ba. Ka tuna kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai buɗe YouTube ya kife wayar a kan kujera don kunne kawai yake so ya ji. Bidiyon na gudana, data na zuba ninki-ba-ninki, ba mai kallo.

Sai hanya. Kai ka fi ni saninta: Bukuru, Mararrabar Jama'a, Riyom, ka gangara Hawan Kibo, ka bi ta Fores har Akwanga, Keffi, sannan cunkoson Mararraba da Nyanya. Akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa ɗif tsakanin duwatsun nan. Mai jin waƙa kai tsaye, nan za ta tsaya masa cak a tsakiyar amshi, ya fara latse-latsen waya da hannu ɗaya yana kan gangara da kwana. Wannan kaɗai ya isa in ce maka a'a. Memori bai san wani abu wai shi sabis ba.

Ɗanka zai ce ai ana iya sauke waƙa a cikin manhajar a ji ba data. Gaskiyarsa. Audiomack, wadda aka kafa a Amurka a 2012, da wannan ta sace zuciyar matasanmu: waƙoƙi da dama za ka sauke su kyauta ka ji ba tare da intanet ba, sai dai ka haƙura da talla. Boomplay ma, wadda ta fara a Najeriya a 2015, ka same ta a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel tun daga kwali, saboda tana da alaƙa da Transsion, kamfanin Sin da ke ƙera su. Spotify ta fito a Suwidin tun 2008 amma ba ta shigo ƙasar nan ba sai Fabrairun 2021, kuma ita sai mai biyan kuɗin wata take bari ya sauke waƙa.

To a nan babban bambancin yake, kuma shi ne abin da masu tallar manhaja ba sa son tsayawa a kai. Waƙar da ka sauke a manhaja ba taka ba ce. Zaman haya kake yi: ɗakin na da kyau, an share, an yi fenti, amma makullin gaske na hannun mai gida. Fayil ɗin a kulle yake cikin manhajar, ba za ka tura wa yaron motarka ta Xender ko Bluetooth ba, ba za ka kwafe shi a filashi ka soka a rediyo ba. A Spotify in ka yi kwana 30 ba ka hau intanet ba, abin da ka sauke ya daina buɗewa sai ka sake hawa. Watan da ba ka biya ba, ya rufe. In mawaƙi ya saɓa da wanda ke rarraba masa waƙa aka cire ta, za ka wayi gari ka ga sunanta ya dushe a jerinka, ba sallama. Abin da ke cikin memori kuwa yana nan har sai memorin ya mutu.

Kuma yana mutuwa, kada mu yi wa juna ƙarya. Kasuwa cike take da na jabu. Za ka ga an rubuta GB 32 a jiki, wayar ma ta nuna 32, alhali ainihin cikinsa bai fi 4 ko 8 ba. An yi masa dabara ne ya riƙa faɗin ƙarya. Da farko lafiya lau, sai ranar da aka zuba masa abin da ya fi cikinsa, sababbin su hau kan tsofaffin, ka kunna ka ji shiru ko rediyo ya riƙa tsallake waƙa. Araha ba ta ado. In za ka saya, ka sa a cika shi taf a gabanka, sannan a buɗe na farkon da aka zuba da na ƙarshen a ji. Ga kuma bairos: kwamfutar mai turi memori nawa take haɗiya a wuni? Shi ya sa wani lokaci ka dawo gida ka tarar foldoji sun ɓace ko sun rikiɗe. A wannan fannin manhaja ta yi wa memori fintinkau. Ko wayarka ta faɗa rijiya, ka sayi wata ka shigar da sunanka da lambar sirri, jerin waƙoƙinka na nan yadda ka bar shi.

Batun daɗin sauti ba zan ja shi da tsawo ba, don a cikin mota mai gilashi a sauke da ƙarar inji da hirar fasinja, kunne ba ya bambance 128 da 320. Abin da ya kamata ka sani shi ne dalilin da ya sa wasu waƙoƙin memori ke fita kamar ana rera su a cikin ruwa. MP3, wanda masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka jagoranci ƙirƙirarsa a farkon shekarun 1990, yana rage girman waƙa ne ta hanyar zubar da sautukan da kunne ba ya kamawa, misali ƙaramin sauti da babba ya danne a lokaci guda. Faifan CD yana cin kusan MB 10 a minti, MP3 ya mayar da shi 1. Matsa ta farko ba laifi. Matsalar ita ce waƙar da ta iso hannun mai turi sau da yawa an ciro ta daga bidiyo, an sake matse ta, wani ya manna muryarsa a kai yana tallar kansa, an sake matsewa. Kowace matsa sai an zubar da wani abu, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. A manhaja, in daga hannun mawaƙin waƙar ta fito, matsa ɗaya ta sha daga asalin abin da aka ɗauka a sutudiyo. In kana da iyafis mai kyau ka gwada da daddare, za ka ji bambancin a ƙarar ganga da kaifin murya.

Yanzu ga inda nake ganin memori ba shi da abokin karawa. Je ka tsaya bayan mai turi ka kalli allon kwamfutarsa. Folda ce bisa folda: tafsirin azumin bana da na bara, karatun alarammomi izu sittin, wa'azi, begen Annabi, waƙoƙin biki, waƙoƙin siyasar da aka yi yayinsu aka wuce, kiɗan kalangu da kukuma da garaya da wani ya kwafo daga kaset, kaset ɗin ma daga rediyo aka naɗe shi. Ka ce masa, "Sa mini na dattijai, ban da na rawa," ya gane nufinka, har ya ce, "Baba, akwai wani tsohon ɗauka da na samo, bari in ɗora maka." Kai da ke garin Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, ka san yawancin masu jin kuntiginsa a tasha daga irin waɗannan foldojin suka samu. Manhaja ta ƙware wajen sabon abu: waƙa ta fita yau ka ji ta yau, kuma ta lura da abin da kake so ta kawo maka makamancinsa. Amma abin da ba wanda ya ɗora mata ba ta da shi, kuma dukiyar kiɗanmu ta da, mai yawa ba ta da wanda zai ɗora ta da sunan mai ita. Abin da ka samu ma sau tari wani ne can ya ɗora da sunan da ya ga dama.

Saura haƙƙin mawaƙi, don na san wani zai tayar da shi. Gaskiya ɗaya ce: kuɗin da ka ba mai turi, ko sisi ba ya kai wa wanda ya yi waƙar. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta hana kwafa da sayar da aikin wani ba da izininsa ba, kuma akwai hukumar da aka ɗora wa kula da hakan. Manhaja aƙalla tana biya. Sai dai a san yadda take biyan. Spotify ba ta ƙirga ji sai an kai sakan 30. Tana tara kuɗin da ta samu a ƙasa ta raba gwargwadon kason kowa a cikin jimillar sauraro, don haka ji ɗaya daga Najeriya bai kai darajar ji ɗaya daga Amurka ko Ingila ba, tunda kuɗin watanmu bai kai nasu ba. Daga 2024 kuma waƙar da ba a ji sau 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta samun komai. Ga masu rarrabawa da ke tsakani su ma da nasu kason. Ƙaramin mawaƙi a unguwar Gangare ko Unguwar Rogo a nan Jos har yanzu abincinsa na wurin biki da liƙi da waƙar ɗan takara, kuma da yawansu da ƙafarsu suke kai wa masu turi sabuwar waƙa don ta zaga gari a kira su wasa.

Shi ya sa ni ban ga hikimar kai wa masu turin nan samame ana kwashe musu kwamfuta ba. Sana'a ce da ke ci da matasa da yawa, kuma su ne suka san abin da jama'a ke ji. Da a ce ƙungiyoyin mawaƙa da hukuma za su yi musu rajista, kowane shago ya riƙa biyan wani abu ƙayyadadde a wata a raba wa masu waƙa, da kowa ya samu. Ra'ayina ke nan, wani na iya ganin ba haka ba.

Abin da zan yi da ni ne kai: memori mai kyau ya zauna a rediyon mota, da karatu da tafsiri da tsofaffin waƙoƙi, ka sa ɗanka ya kwafe duk abin da ke ciki a wani wuri na biyu saboda ranar da zai mutu. A waya kuma ya sa maka Audiomack ko Boomplay, ka riƙa sauke sababbin da kake so da daddare in ka sayi datar dare mai araha, ka haɗa da rediyo ta Bluetooth tun kafin ka bar tasha. Kuɗin wata kada ka fara biya sai ka yi wata ɗaya ko biyu kana amfani da na kyauta ka ga ko tallar na damunka. In ɗanka ya nace sai Spotify, ka ce masa ya biya.