Wasiƙa daga Manchesta a kan maganar Auta

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan Hajiya ta ƙara samun sauƙin ƙafa. Ka tambaye ni farashin kaya da yadda asibitocin nan suke. Kaya dai tsada, wannan ka sani. Maganar asibiti ce ta sa na zauna rubutu, saboda halin da Auta yake ciki.

Tun ranar Juma'ar nan, 28 ga Nuwamba 2014, da bam ya tashi muna sahu a Babban Masallacin Kano, barcina bai sake zama daidai ba. Na ɓoye muku. Mutum sama da ɗari sun rasu, ni ko ƙwarzane ban samu ba, to da wane baki zan yi ƙorafi? Aka yi mana jaje, aka yi tofi, na sha rubutu, aka ce sai haƙuri.

A nan asirina ya tonu. Duk 5 ga Nuwamba Turawan Ingila kan kwana wasan tartsatsin wuta, ƙararsa kamar ta bindiga. Shekarata ta farko na tsinci kaina a ƙarƙashin teburin ɗakin girki, jikina yana rawa, hancina cike da ƙaurin da na bari a ƙofar gidan Sarki. Matata ce ta matsa na je wurin likitan unguwa.

Ganin likita a nan ba a biya a ƙofa, amma mu baƙi mun riga mun biya tare da kuɗin biza, fam 1,035 kowace shekara. Magani kuma fam 9.90 kowane iri. Likitan bai ba ni fiye da minti goma ba. Daga nan sai jira: wata biyar ina layi kafin a kira ni wurin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma a watannin nan ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata ya ce yaya jiki. Wallahi na yi kewar zauren gidanmu, inda mutum ba ya wuni shi kaɗai da baƙin cikinsa. Akwai kuma wata takarda da ake cikawa kowane zama, a auna damuwarka daga sifili zuwa uku. Har yau tana ɓata mini rai.

Amma da layi ya zo kaina, na ga aiki. Matar da ta duba ni ta ce abin yana da suna, ciwon firgici bayan tashin hankali, kuma sojoji da waɗanda suka yi hatsarin mota suna fama da irinsa. Ta ce ƙwaƙwalwa ce ta kasa ajiye ranar a jerin abin da ya wuce, shi ya sa duk ƙara take dawo da ita sabuwa. Zama goma sha biyu muka yi. Takan sa in tuna ranar daki-daki ina bin yatsanta da ido, hagu da dama. Da Turanci nake ba ta labari, amma ihun da ke kaina da Hausa yake, don haka wani lokaci sai ta bar ni in faɗa da harshena ko ba ta ji. Da ta gane shekara da shekaru ina sallar Juma'a a bakin ƙofa don in samu hanyar gudu, sai ta tsara mini komawa sahu-sahu. Ba ta taɓa cewa in bar addu'a ba. Yanzu a sahu na uku nake salla.

Auta yana gefena ranar, yana ɗan shekara goma sha huɗu. Kun ce ya zama mai faɗa, ba ya barci, ba ya shiga kasuwa. Na roƙe ka don Allah kada a saurari masu cewa a kai shi gidan mari. Ka tuna abin da 'yan sanda suka tarar a irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum ɗaruruwa, wasu da sarƙa a ƙafa. Na san likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci a gida, amma akwai sashensu a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Zuwa can ba ya nufin hauka.

Ka karanta masa wasiƙar nan kai da shi kaɗai, kafin ka ambaci asibiti. Kuɗin mota da na kati zan turo ƙarshen wata. Ka ce masa ya kira ni ko da tsakar dare ne.